Daga safar Fustat zuwa ɗakin jego: tarihin bargon jariri na saƙar hannu

Kalma ɗaya ce Bahaushe ke da ita ga ayyuka biyu waɗanda zare kaɗai ya haɗa su. Namijin da ke zaune a masaƙa yana jefa ƙoshiya tsakanin zaren tsaye, saƙa yake yi. Macen da ke riƙe da tsinke biyu, da dunƙulen ulu a cinyarta, tana haɗa hula ko bargo domin jaririn da ake jira, ita ma saƙa take yi. Faransanci ya raba su, ya kira na farko tissage, na biyu kuma tricot. Wannan gamin suna da Hausa ta yi ya sa mutane da dama suna ɗaukar ayyukan biyu tamkar tsararraki, alhali kuwa tsakaninsu akwai dubban shekaru. Saƙar masaƙa ta girmi rubutu. Saƙar tsinke kuwa shekarunta da aka tabbatar ba su wuce dubu ɗaya ba, kuma bargon jariri mai laushi da ake yi da ita bai cika shekaru ɗari biyu da zama ruwan dare ba, ko a Turai. Kafin ya samu, sai da inji ya ƙwace sana'ar daga hannun maza, Turawa suka bar ɗaure jariransu, gwamnatoci kuma suka tsorata da yawan mutuwar yara.

Bambancin saƙar biyu a cikin ginin tufa yake. Masaƙi yana gitta zare biyu, na tsaye da abawa, don haka abin da ya fito daga masaƙa ba ya miƙewa sosai. Mai saƙar tsinke zare ɗaya tal take bi: tana lanƙwasa shi ya zama ido, ta zaro wani idon ta cikin na farko, a haka har layi ya cika, ta juyo. Tufar da aka yi haka tana miƙewa ta koma, kuma kowane ido ɗan ɗaki ne da ke tsare iska. Iskar nan da ba ta motsi ita ce ke riƙe ɗumin jiki. Lissafin aikin ba shi da wuya. Bargo mai faɗin santimita 80 da tsawon mita ɗaya, idan an yi shi da saƙa mafi sauƙi, wadda Faransawa ke kira point mousse, da ido 20 da layi 40 a kowace santimita 10, zai ci ido 64.000, kowanne sai ya ratsa ta yatsun mai saƙa. An fi zaɓen wannan saƙar ga jarirai domin gefenta ba ya naɗewa, kuma gabanta da bayanta ɗaya ne.

Tsofaffin shaidun da aka samu daga Masar suka fito, inda busasshiyar ƙasa ta adana abin da damshin wasu wurare ya cinye. Akwai wata jar safa ta ulu, ta tsakanin ƙarni na 3 da na 5, a gidan tarihin Victoria da Albert na Landan, mai rabe tsakanin babban yatsa da sauran domin igiyar takalmi ta shiga. An daɗe ana ɗaukarta saƙar tsinke, sai daga baya masana suka gane da allura ɗaya mai kafa aka ƙulla ta, da guntayen zare. Saƙar tsinke ta ainihi sai tsakanin ƙarni na 11 da na 14 ta bayyana, a Masar ta zamanin Musulunci, musamman a jujin tsohon birnin Fustat kusa da Alƙahira. Safuna ne na auduga, fari da shuɗin baba, wasu da zane mai kama da rubutun kufi. Kyawun aikinsu ya nuna ba a hannun ƴan koyo suka fito ba.

Daga ƙasashen Musulmi sana'ar ta shiga Turai ta Andalus. A shekarar 1275 ɗan sarkin Kastila, Fernando de la Cerda, ya rasu, aka bizne shi a gidan ibadar Las Huelgas kusa da Burgos. A cikin kabarinsa an tarar da matashin kai na siliki, saƙar tsinke, mai ido kusan 8 a kowace santimita, da kalmar baraka da haruffan Larabci a gefensa. Galibin masana sun tafi a kan cewa Musulmi ne masu yi wa fadar Kirista aiki suka saƙa shi. Wajen shekarar 1400 wani mai zane na Jamus, Bertram, ya zana Maryamu tana saƙa ƴar riga da tsinke huɗu, ɗanta yana gefenta. Zanen yana Hamburg har yanzu.

Duk da wannan zane, a ƙarnonin da suka biyo baya saƙar tsinke sana'ar neman kuɗi ce, kuma manyanta maza ne. Suna da ƙungiyoyinsu na sana'a da sarakunansu, kamar yadda maƙera da marina suke da nasu a biranen Hausa, kuma yaro yakan yi shekaru yana koyo kafin a yarda ya buɗe shago. Hula, safa da safar hannu su ne kayan kasuwa. A Ingila, dokar 1571 ta tilasta wa talakawa maza da suka wuce shekara shida sanya hular ulu ta gida a ranakun Lahadi da na bukukuwa, don kawai masu saƙa su samu ciniki. Masu saƙa ba su damu da yi wa jaririn Bature bargo ba a lokacin. Naɗe shi ake yi da dogon ƙyalle tun daga kafaɗa har ƙafa, hannuwa a manne da jiki, na tsawon watanni, bisa imanin cewa in ba haka ba gaɓoɓinsa za su karkace.

A shekarar 1589 wani Bature mai suna William Lee, daga ƙauyen Calverton kusa da Notingam, ya ƙera injin saƙar safa. Bai samu goyon bayan fadar Ingila ba, sai ya kwashe injunansa ya koma Rouen a Faransa. Injin ya yi ta yaɗuwa sannu a hankali, har birnin Troyes ya zama cibiyar wannan sana'a a Faransa. A 1811 ma'aikatan yankin Notingam suka tashi suna farfasa injuna cikin dare saboda karyewar lada, gwamnati kuma ta mayar musu da martani da dokar 1812, wadda ta yanke hukuncin kisa ga mai fasa inji. Abin lura shi ne, waɗannan ma'aikata su kansu da inji suke saƙa. Masu saƙar hannu an riga an tura su ƙauyuka da gidajen marayu. Sana'ar da ta daina kawo riba, maza suka sake ta. Ta koma hannun mata iri biyu: matalauta masu yi don abin kai wa baka, da matan masu hali waɗanda al'ada ta hana su aikin waje, ta kuma hana su zaman banza. Domin waɗannan na biyun aka fara buga littattafan koyon saƙa, irin na Jane Gaugain a Edinbara a 1840, da babban kundin aikin allura na Thérèse de Dillmont a 1886, wanda kamfanin zare na DMC ya yaɗa cikin harsuna da dama.

A daidai wannan zamani ne naɗin jarirai ya fara faɗuwa. Likita William Cadogan na Ingila ya soke shi a 1748, Jean-Jacques Rousseau kuma ya yi masa kaca-kaca a littafinsa Émile na 1762. Masu ilimi da masu dukiya suka fara bari, ƙauyukan Faransa kuwa suka riƙe shi har cikin ƙarni na 20. To, jaririn da aka kwance, a ƙasar da ƙanƙara ke sauka, dole a samo masa abin da zai ɗumama shi ba tare da ya matse shi ba. Saƙar tsinke ta dace da wannan buƙata fiye da kowace tufa.

Siffar bargon kuwa, wadda ake gani har a kasuwannin Maraɗi da Damagaram, watau murabba'i a tsakiya, zagaye da baki mai faɗi mai zanen igiyar ruwa, da leshi a ƙarshe, ta yi suna ne daga tsibiran Shetland, can arewacin Sikotland. Wuri ne mai iska da sanyi, ba itatuwa, maza suna teku wajen su, mata suna noma da kiwo. Tumakinsu ƙanana ne masu laushin gashi, kuma mafi laushin duka shi ne na wuya, wanda da hannu ake tsige shi lokacin da yake zuba da kansa. Da shi matan tsibirin Unst ke kaɗa zare siriri kamar na gizo-gizo, su saƙa mayafin da za a iya zare shi ta cikin zoben aure. Irin mai kauri na yau da kullum su da kansu ke yafawa, su kuma rufe ƴaƴansu da shi. Tun daga shekarun 1840 matan Landan suka yi ta rububin waɗannan mayafai domin bikin sunan ƴaƴansu a majami'a. Sai dai wannan laushi akwai ɗaci a bayansa. Ƴan kasuwar tsibiran ba kuɗi suke biyan matan ba, sai kayan shago: shayi, yadi, tarkace. Macen da ta yi makonni a kan mayafi ɗaya takan fito da kayan da ba ta buƙata, ta sake sayar da su da hasara don ta sayi gari. Binciken da gwamnati ta yi a 1872 ya tattara shaidar matan da bakinsu, amma tsarin bai mutu ba sai cikin ƙarni na 20. Mace tana saƙa ko tana tafiya da kwandon makamashi a bayanta, tsinke ɗaya a soke cikin ɗamarar fata, domin kada hannu ya huta.

A Faransa ne aka mai da kayan jarirai al'amarin gwamnati. Bayan kayen da ta sha a hannun Jamus a 1870 zuwa 1871, shugabanninta suka duba suka ga haihuwa ta yi ƙaranci, jarirai kuma suna mutuwa da yawa, musamman waɗanda ake kai wa masu shayarwa na haya a ƙauye. Ƙasar da ba ta da yara ba za ta samu soja ba. Dokar Roussel ta 1874 ta sa ido a kan yara ƴan ƙasa da shekara biyu da ke hannun masu reno. A 1880 likita Stéphane Tarnier ya fara amfani da kwalabar ɗumama bakwaini a gidan haihuwa na Paris, bayan ya ga injin ƙyanƙyasar ƙwai a gidan dabbobi, kuma da ita aka tabbatar cewa sanyi kaɗai yana kashe jariri. Almajirinsa Pierre Budin ya buɗe awon jarirai a 1892, likita Léon Dufour kuma ya kafa gidan rabon madara mai tsabta na Goutte de lait a Fécamp a 1894. Makaranta ma ba a bar ta a baya ba. Dokar Jules Ferry ta 28 ga Maris 1882, wadda ta tilasta karatun firamare, ta lissafa darussa, a ƙarshe ta ce ga yara maza atisayen soja, ga mata aikin allura. Kayan jariri cikakku, da suke kira layette, watau riga, hula, safa da bargo, suka zama ma'aunin uwa ta gari, suka kuma zama sadakar da matan masu hali ke kai wa matalauta.

Da wannan tunani ne saƙar tsinke ta iso ƙasar Hausa, cikin kayan mulkin mallaka. Ba ta tarar da fili fayau ba. Ƙasar auduga ce: mata suna gurza, su shiɓa, su kaɗa da mazari, maza su saƙa, marina su rina, kuma Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa ya isa Kano a 1851, ya bayyana yadda tufafin wannan ƙasa ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Akwai gwado da luru na rufa, akwai zanen goyo da majanyi. Mai jego tana da ɗakinta mai wuta da wankanta na kwana arba'in, jariri kuma yana jikin uwarsa ko na kakarsa. Abin da babu shi ne ulu. Tumakin ƙasar Hausa, uda da balami, gashinsu ba ya kaɗuwa. Tumaki masu ulu sai can Masina, inda ake saƙa manyan barguna na Fulani. Saboda haka tun ranar farko zaren wannan sana'a baƙo ne, kuma sunansa ma ya nuna hakan, domin daga Ingilishi aka aro kalmar ulu, kamar yadda aka aro suwaita da shawul.

Faransa ta shigo Afirka ta Yamma da irin damuwar da take da ita a gida, sai dai a nan hannun aiki da sojan haya take nema. A 1918 aka buɗe makarantar likitanci ta Dakar tare da sashen ungozoma, a 1938 kuma makarantar horon malamai mata ta Rufisque a ƙarƙashin Germaine Le Goff, inda ɗinki, saƙa da renon yara suke cikin darussa. Matan jami'an mulki suka kafa ƙungiyoyin agaji irin su Berceau africain, suna raba kayan jarirai da sabulu. Ƴan mishan su ma, waɗanda suka sauka Damagaram a 1924 suka kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, matansu sun koyar da aikin allura. Ƴar riga da hula da ake ba mai jego kyauta ce, amma kuma tarko ne mai laushi: da ita ake jawo mace ta haihu a gidan haihuwa, ta kawo ɗanta awo, a rubuta shi. Mata da yawa sun ƙi, musamman masu cikin fari, waɗanda al'ada ta mayar gidan iyayensu goyon ciki.

Likitocin mulkin mallaka sun yi ta nanata cewa rashin sutura ne ke kashe jariran Afirka da ciwon haƙarƙari. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin duk wanda ya san asubahin Janairu a Tawa ko Tanut ya san hunturu ba wasa ba ne. Amma bayani ne mai sauƙi ga mai mulki, tunda ya ɗora laifin a kan jahilcin uwa. Bai taɓa zazzaɓin cizon sauro ba, bai taɓa yunwar 1931 da ta yi ɓarna a yammacin Nijar ana kuma karɓar haraji ba, bai taɓa aikin tilas da ke kwashe magidanta daga gonakinsu, wanda ba a soke ba sai 1946. Hular ulu ta fi rijiya da hatsi arha.

Abin da mata suka yi da sana'ar daga baya, masu kawo ta ba su tsara shi ba. Ƴan matan lakwal, malamai mata, ungozomomi da matan ma'aikata ne suka fara riƙe ta, ta zama alamar wayewa a bariki. Bayan samun mulkin kai a 1960, gidajen koyar da mata sana'a suka yaɗa ta cikin unguwanni, ƙungiyar matan Nijar da aka kafa a 1975 ita ma ta ci gaba da wannan aiki. A lokaci guda zaren ya yi arha. Kamfanin DuPont na Amurka ya fitar da zaren roba na akirilik kasuwa a 1950 da sunan Orlon, kuma kusan duk abin da ake kira ulu a kasuwannin nan irinsa ne, bai taɓa ganin bayan tunkiya ba. Yana wankuwa, ba ya ƙanƙancewa, asu ba ya cinsa, launinsa yana da haske. Sana'ar kuma ta dace da matar aure da ba ta fita: ba ta buƙatar rumfa, jarinta ƴan dunƙule ne, ana ajiye ta a duba tukunya a dawo, yara su kai talla. Mata da yawa suka fi karkata ga kwarashi mai ƙugiya ɗaya, wanda ya fi sauri, masu ɗan hali kuma suka sayi keken saƙa. Kunya ta sa mai cikin fari ba ta cika yi wa abin da ke cikinta tanadi a fili ba, don haka sau da yawa gwaggo ce, ko aminiya, ko maƙwabciya ke saƙawa, a kawo cikin kayan barka. Abin da ya shigo a matsayin sadakar Nasara ya koma cikin biki da zumunci, inda ake tuna wa ta kawo me, a rama mata ranar nata. Gwanjo da bargunan masana'antun Sin masu arha, waɗanda suka cika kasuwa tun shekarun 2000, sun rage wa masu saƙa ciniki ƙwarai, amma ba su kore su daga kayan suna ba.

Zaren robar nan yana da nasa aibi, kuma ya kamata a faɗe shi. Ba ya shan gumi. Idan ya taɓa garwashi narkewa yake yi ya manne a fata, ɗakin jego kuwa ɗakin wuta ne. Jaririn da aka naɗe cikin suwaita, hula da shawul don kwalliya a watan Afrilu, rana tana sama da digiri 40, zafi ne ke wahalar da shi. Likitocin yara a Turai da Amurka, tun kamfen ɗin shekarun 1990 a kan mutuwar jarirai cikin barci, suna gargaɗi a kan sakakken bargo da zai iya rufe fuska, har Faransawa suka koma ga wata rigar barci mai kama da buhu.

Ilimin zamani ya tabbatar da rabin maganar Tarnier, ya gyara sauran rabin. Zafin jikin sabon jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36,5 da 37,5. Yana fitowa a jiƙe, fatarsa tana da faɗi idan aka gwada da nauyinsa, kansa babba ne, kuma ba ya iya rawar ɗari da za ta ɗumama shi, sai dai ya ƙona wani kitse na musamman wanda bakwaini ba shi da isasshe. Bargo kuwa ba ya haifar da zafi, tsare wanda ke akwai kawai yake yi. Idan jikin ya riga ya huce, babu abin da zai tsare. A 1978, a wani babban gidan haihuwa na Bogota a Kolambiya, inda kwalabe suka yi kaɗan har ana haɗa jarirai cikin ɗaya, likita Edgar Rey Sanabria ya fara ɗora bakwaini tsirara a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata, dare da rana. Aka sa wa hanyar sunan dabbar kangaru mai goyon ɗanta cikin aljihun cikinta. A Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara wannan goyon ƙirji nan take bayan haihuwa ga jariran da ba su cika watanni ko nauyi ba, ba sai an jira sun fara zama cikin kwalaba ba. A irin wannan goyo, daga cikin kayan layette duka, hula da safa ne kawai ke zama a jikin jariri. Zane ne ke ɗaure shi a ƙirjin uwa, bargon kuma ana yafa shi ta waje, ya rufe su su biyu.